Daga kututture aka dawo da daji: tarihin wani ƙauyen manoma a jihar Maradi

Asalin ƙauyen

Ƙauyen yana kan jigawa a jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar, tsakanin birnin Maradi da Tasawa, ba nisa da iyakar Katsina. An sakaya sunansa a nan. Mazaunansa Hausawa ne manoman hatsi da dawa da wake, sai 'yan rugagen Fulani a gefen gari. Ruwan shekara a yankin yakan kama daga milimita 400 zuwa 600, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Ƙasar rairayi ce, hauya na shigarta ba wuya, amma ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki.

A ƙarni na 19 babu mai gangancin kafa gida a irin wannan wuri. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, gidan sarautarta ya yi hijira arewa ya zauna a Maradi, Gobirawa kuma suka kafu a Tsibiri, aka shekara da shekaru ana kai wa juna hari da ƙasashen daular Sakkwato. Talakawa suka takure a manyan garuruwa na bakin gulbi, jigawa ta zama dajin mafarauta. Sai da Faransawa suka kafa mulki a farkon ƙarni na 20, hare-hare suka lafa, sannan mutane suka fantsama. Mutum ɗaya ya je ya haƙa rijiya, ya yi sassabe, 'yan'uwa da surukai su biyo bayansa. Haka wannan ƙauyen ya samu, kamar ɗaruruwan maƙwabtansa masu suna Gidan wane ko Garin wane.

Tsarin nomansu a lokacin ya dace da yalwar ƙasa. Maigida na da gandu, matansa da samarin gidan kowa na da gamanarsa, wato 'yar gonarsa ta kansa. Gona in ta gaji sai a bar ta saura shekaru masu yawa, daji ya rufe ta, a koma wani wuri. Bayan girbi Fulani su sauka a gona da shanunsu, su ci kara su bar taki, maigona ya sallame su da damin hatsi. An san yunwa, don har yanzu ana ambaton Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, amma itacen girki da inuwa ba su cikin abin da ake tunani.

Zamanin gyaɗa, 1945 zuwa 1972

Harajin Faransawa da kuɗi ake biyansa, kuɗi kuwa a wurin gyaɗa yake. Bayan yaƙin duniya na biyu nomanta ya haɓaka a Maradi da Damagaram har ta zama babbar hajar da Nijar ke fitarwa, kuma a 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don sayenta. Damunonin shekarun 1950 sun yi albarka. Wanda ya ƙara gona ya ga kuɗi, ya yi wa ɗansa aure, ya sayi keke. Kowa ya ɗauki gatari.

Malaman gona na zamanin suna koyar da shuka a layi da garmar shanu da takin zamani, kuma duka waɗannan fili fetal suke so. Gona mai tsabta ta zama abin yabo. Wanda aka ga sabara da kalgo tsaye a gonarsa lokacin shuka, rago ne, kuma sai ya ji a majalisa. Jama'a na ƙaruwa, saura na gajarta, har ta zo ta ƙare. Hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a tsakiyar shekarun 1970 sun nuna cewa a kudancin Maradi gonaki sun haɗe, ɗan dajin da ya rage tsakanin ƙauye da ƙauye bai taka kara ya karya ba.

Yadda ake sassaben shekara yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. Kafin damina manomi yakan bi gonarsa da adda, ya sare duk tohon da ya fito daidai da ƙasa, ya tara ya cinna wuta. Tone saiwa aiki ne mai cin rai, don haka yawanci ba a tone ta. Badi ta sake toho, a sake sarewa.

Yadda matsalar ta bayyana, 1973 zuwa 1983

Fari ya fara tun ƙarshen shekarun 1960, ya kai maƙura a 1973. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka zama wayam. A watan Afrilun 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma yadda aka tafiyar da taimakon abinci na cikin dalilan da suka bayar. A 1975 kuturtar gyaɗa ta faɗa wa gonakin Nijar da arewacin Najeriya, ta ƙarasa abin da fari ya bari. Ƙauyen ya wayi gari ba gyaɗa, ba saura, ba daji.

Abin da ya fi ci wa manoma tuwo a ƙwarya shi ne iska. Ruwan farko ya sauka a Yuni, a fita shuka, maza na sara da sungumi, mata da yara na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Bayan kwana huɗu ko biyar hatsi ya leƙo. Sai hadari ya haɗo daga gabas, iska ta riga ruwa isowa, ta kwaso rairayi mai zafi tana yankar tsiron kamar da reza. Da safe maigona ya tarar wani tsiron ya ƙone, wani an binne shi, wani saiwarsa a waje. A sake shuka. Akwai shekarun da aka yi shuka sau uku ko huɗu, kuma kowace shuka daga rumbu ake ɗibar irinta, tana kuma rage kwanakin da hatsi zai samu kafin ruwa ya ɗauke.

Mata su suka fi jin jiki. Neman itacen girki ya zama tafiyar sa'o'i. Da tafiyar ta gagara sai aka koma girki da kara da busasshen kashin shanu, wato abin da ya kamata ya rufe gona da rani ya kuma ciyar da ita shi ake turawa murhu. Fulani suka rage sauka, tunda ba karan da shanu za su ci. Samari kuwa da an kai amfani gida sai Jibiya, Katsina, Kano, cin rani.

Gwaji na farko: doka da tara

Tun 1935 dokar daji ta Faransawa ta ɗora hannun hukuma a kan itatuwa, kuma dokar Nijar ta 1974 ta bi sawunta. Ta jera itatuwan da aka haramta sarewa ko datse rassansu ba da takarda ba, gawo na cikinsu, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Bayan fari aka tsananta. Ma'aikatan gandun daji, da kaki da bindiga, suna zagaya ƙauyuka suna neman sabon sara. In an ga reshe a ƙasa, maigona ake kamawa, ko shi ya sare ko wani ya shigo da dare.

Kare gawo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya sa hukunci mai tsanani a kan mai sare shi. Amma dokar 1974 ta haifar da wani lissafi a zuciyar manomi: itacen da ya girma a gonata na gwamnati ne, ba ni da ikon taɓa shi, kuma shi zai jawo mini tara. Saboda haka sai ya riƙa kashe shi tun yana tsiro, kafin ya kai girman da ma'aikaci zai gani. Itatuwa suka ci gaba da raguwa.

Gwaji na biyu: dashe

Daga 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai, ta zama ranar dashen itace a Nijar. Ayyukan raya karkara suka buɗe wuraren renon itatuwa, aka keɓe fili a bayan gari aka kira shi dajin ƙauye, aka kawo dogon yaro da turare a leda. Ƙauyen ya karɓi nasa rabon, an dasa da kiɗa da jawabi.

Kafin damina ta zagayo yawancinsu sun mutu. Dashen yana faɗowa daidai lokacin da kowa ke cikin noma, ba mai sararin kula da shi. Da rani ya shigo, ruwan rijiya mai zurfi da ake ja da guga bai ishi mutane da dabbobi ba balle itace. Awaki suka ci, gara ta ci. Filin kuma daga gonar wani aka yanke shi, kuma babu wanda ya san wa zai sari itacen in ya girma, don haka ba wanda ya ɗauke shi nasa. An ƙiyasta cewa cikin itatuwa kusan miliyan 60 da aka dasa a Nijar a tsawon shekara 12, waɗanda suka rayu ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Dashe ya yi nasara a wasu wurare, misali layukan dogon yaro masu tare iska da ƙungiyar CARE ta fara a kwarin Majiya a 1975, amma can ruwa na kusa da sama. A kan jigawa, dogon yaron da ya rayu shi ne na ƙofar gida da na kasuwa, wanda ke da mai ba shi ruwa.

1984: hatsi a bakin aiki

Daminar 1984 ta ƙi. A watan Afrilun shekarar gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986, don haka hanyar hatsi da hanyar cin rani suka toshe lokaci guda. Shi ya sa mutanen yankin suke kiran wannan yunwa El Buhari. An ci anza, an ci dusa, an sayar da dabbobi a wulaƙance.

Shekara guda kafin nan, wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maradi tun 1981, ya lura cewa 'yan kurmin da ke warwatse a gonaki ba ciyawa ba ne, tohon itatuwan da aka sare ne, kuma saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Ya fara gwaji da manoma kamar goma, aka yi ta yi musu dariya, ana ce masa mahaukacin Bature. Da yunwa ta zo, aikin mishan ɗin ya haɗa rabon hatsi da sharaɗi a ƙauyuka kusan 100: mai son karɓa ya bar itatuwa kimanin 40 a kowace hekta. Aka kuma samu alkawarin ma'aikatan gandun daji na Maradi cewa wanda ya reni itace a gonarsa ba za a ci shi tara ba in ya yi amfani da shi.

Aikin da kansa ba wuya. Manomi ya tsuguna gaban kututturen kalgo mai toho ashirin ko talatin, ya zaɓi mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu, yana sara daga ƙasa zuwa sama da adda mai kaifi don kada ɓawo ya yage. Wasu sukan ɗaura tsumma a jiki, alamar cewa wannan yana da mai shi. Duk ƙarfin tsohuwar saiwar, wadda ta riga ta nutsa ta kai ga danshi, sai ya koma kan 'yan sandunan nan. Wannan shi ake kira sassaben zamani.

An bar itatuwa kusan dubu 500 a yankin ta wannan hanya. Da rabon hatsi ya ƙare, kimanin kashi biyu cikin uku aka sare. Zanen aro ba ya rufe katara. A ƙauyen nan ma haka aka yi: yawancin mutane sun bar itacen ne don hatsi, da hatsi ya tsaya suka koma ga gona mai tsabta.

Waɗanda suka bar nasu, 1985 zuwa 1992

'Yan tsirarun da ba su sare ba su suka zama abin kallo. A yankin Agiye, tsakanin Maradi da Tasawa, ana kuma ba da labarin wasu 'yan cin rani da suka dawo a makare, ruwa ya riga ya sauka, suka yi shuka ba tare da sassabe ba, aka ga hatsinsu ya fi na maƙwabta. Ko ta wace hanya, abin da ido ya gani iri ɗaya ne. A gonar da ke da sabara da kalgo iska na karyewa, shuka ɗaya ko biyu ta isa. Ganye da rairayin da iska ta kwaso suna taruwa a gindin itace, gara ta ja su cikin ƙasa, hatsin wurin ya fi duhu. Gawo kuwa yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Cikin shekara biyu zuwa uku maigona ya fara samun itacen girki daga rassan da yake ragewa, daga baya ya samu tanka da dirka da ƙota.

Sai dai sata ta kusa kashe abin. Gona ɗaya mai itace a tsakiyar fili fetal kiran ɓarawo ce. Mutum ya reni sanda shekara uku, dare ɗaya a sare. A al'ada kuma da an gama girbi gonaki na kowa ne, mai neman itace ya shiga, mai kiwo ya shiga. Wasu da aka yi wa haka sau biyu suka haƙura.

Kwamitin ƙauye, shekarun 1990

A wannan tsakani hannun hukuma ya yi sanyi. Tun taron yaƙi da hamada da aka yi a Maradi a watan Mayun 1984 aka fara maganar saka talakawa cikin sha'anin daji. Kunce ya rasu a 1987, aka yi taron ƙasa a 1991, baitulmali ya bushe, ma'aikatan gandun daji suka rage yawo. Dokar 1992 ta ba ƙauyuka damar buɗe kasuwannin itace, a 1993 kuma aka fitar da ginshiƙan dokar karkara da ta amince da haƙƙin gona na gargajiya. Faɗuwar darajar sefa a watan Janairun 1994 ta sa takin zamani ya fi ƙarfin talaka, sai darajar gawo ta ƙaru a idonsa.

A yankin Agiye wani aikin raya karkara da FIDA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya na tallafa wa noma, ya ɗauki nauyi ya taimaka wa ƙauyuka suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa, wannan ƙauyen ma ya kafa nasa. Maigari da dattawa suka tsaya a baya, amma aka saka mata, don su ne masu neman itace, aka saka samari masu zagaye, aka kuma saka wakilin Fulani. Ƙa'idojin a bainar jama'a aka yanke su. Itacen da ke gonar mutum nasa ne, rani da damina. Mai so ya roƙa ko ya saya. Wanda aka kama ya biya tara, kuɗin su shiga asusun gari. Baƙon makiyayi a sanar da shi tun ranar da ya sauka, a nuna masa burtali da inda zai iya kakkaɓar 'ya'yan gawo ba tare da ya datse reshe ba. Wanda ya ƙi jin kwamiti, sai a miƙa shi ga ma'aikacin gandun daji, wanda yanzu ya zama mai mara wa gari baya.

Ba a daina sata ɗungurungum ba, amma ta ragu har reno ya zama abin da ke biya. Da kowace gona ta samu nata, dalilin satar ma ya ragu.

2005

Fara da ƙarancin ruwa sun lalata amfanin 2004. Kafin tsakiyar daminar 2005 buhun hatsi mai kilo 100 ya doshi sefa dubu 30, kuma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa a Nijar a shekarar, mafi yawansu a jihar Maradi. Ƙauyen bai tsira daga yunwa ba. Bambancin da 1984 shi ne akwai abin sayarwa ban da akuya da gona. Magidanci ya sari sanda biyu ko uku ya kai kasuwa ya auno tiya. Mata suka sayar da itacen girki da kuka da magarya da aduwa. Dabbobi suka samu ganye da 'ya'yan itace har ruwa ya sauka.

A shekarun nan ne masu bincike, cikinsu Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan, suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam. Ƙiyasinsu shi ne hekta kusan miliyan 5 a Maradi da Damagaram sun sake samun itatuwa, kimanin miliyan 200, kuma hakan na ƙara hatsi kusan tan dubu 500 a shekara.

Abin da ya yi aiki, da inda aka tsaya

Ruwan sama ya ɗan gyaru tun shekarun 1990, kuma ya taimaka. Amma ruwa kaɗai bai isa bayani ba, domin hotunan sun nuna itatuwa sun fi yawa a gonakin ɓangaren Nijar fiye da na tsallaken iyaka, alhali ruwa ɗaya ne, ƙasa ɗaya, mutane ɗaya. Dabarar ma ba ita kaɗai ba ce, tunda an koyar da ita a 1984 aka kuma sare kashi biyu cikin uku.

A ganina abu biyu ne suka haɗu. Manomi ya tabbata cewa itacen nasa ne, zai sara ya sayar ba mai kama shi. Gari kuma ya samu hanyar hana wani ya riga shi sarewa. Tara ta kasa domin ta mayar da itace abokin gabar maigona. Dashe ya kasa domin ya nemi ruwa da lokacin da babu, a filin da ba na kowa ba. Rabon hatsi bai dawwama ba, amma bai tafi a banza ba, don shi ya sa dubban mutane suka ga hatsi ya yi kyau a gindin itace da idonsu. Hukuma daga baya ta biyo sawun ƙauyuka, da sabuwar dokar daji a 2004, sannan dokar 2020 da ta fayyace haƙƙin mai renon itace a gonarsa. Abin takaici ne a ce shekaru da dukiya mai yawa sun tafi kan leda da ruwan guga, alhali saiwar na ƙarƙashin ƙafar masu dashen.

Abin da itace bai magance ba shi ne ƙarancin ƙasar kanta. Ƙidayar 1988 ta samu mutum miliyan 7.2 a Nijar, ta 2012 ta samu miliyan 17.1, jihar Maradi kaɗai miliyan 3.4. Gandun da kaka ya sassabe an raba shi gado sau biyu ko uku, kuma gamanar mata ita ake fara janyewa in gona ta yi kaɗan, ga shi su ne suka fi kowa aiki da itacen. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina ba ya son reno, don maigona na iya ɗaukar hakan a matsayin neman mallaka ya karɓe abinsa. Rikicin datse rassan gawo da baƙin makiyaya yana tashi kusan kowane rani. Waɗannan su ne ƙararrakin da ke zuwa gaban kwamiti yanzu, kuma ƙa'idojin da aka yanke a shekarun 1990 ba su faɗi kome a kan gonar aro ba.